Inda Allura Ke Tsalle

Bradford, shekarar saba'in, ɗakin can sama,
mitar gas ta haɗiye sulena na ƙarshe.
An aiko ni daga Kaduna in koyi injin saƙa.
Na san zare, na san ƙarfe,
ban san ana kiɗan minti ashirin
ba a yabi kowa ba, ba a roƙi kowa ba.

Neville, ɗan mai gidan, gashi har kafaɗa,
ya hauro bene rungume da faya-fayai
kamar mai ratsa kasuwa da ƙwaryar ƙwai.
Ya ce, “Zauna, Jatau.
Kada ka ce uffan sai gefen nan ya ƙare.”

Na farko, a bangonsa kifi ne riƙe da laima.
Jita ta yi kuka kamar kukumar da ta sha yaji,
can sai kiɗan ya juya da baya,
ruwan da aka zubar yana komawa tulu.
Na ce, “Injinka ya lalace.”
Ya yi dariya har shayi ya biyo masa ta hanci.

Na biyu shuɗi ne, ba hoton kowa.
Sarewa tana gaba, molo na biye,
mai ganga yana ƙirga bakwai inda kowa ke ƙirga huɗu,
tafiyar gurgu mai sauri.
Washegari a masaƙa na ji wannan ɗingishi
a bakin inji na tara,
na tsaya ina kaɗa kai har zare ya tsinke,
aka yanke mini albashin rabin yini.
Ban yi da-na-sani ba.

Na uku shi ne namu.
Mun haɗa kuɗi, rabi da rabi,
ni na bar cin nama mako guda, shi ya sayar da taya.
A bangonsa tsani ne jingine da wata.
Waƙa ɗaya ta cinye gefe guda:
tana farawa kamar asuba ba zakara,
ta yi hadari, ta yi tsawa,
ta kwanta,
ka ce ta mutu, ashe numfashi take ja.
Daren da muka sayo shi mabuɗina ya faɗa a kai,
ya bar masa tsage ɗaya kamar na gado.
Tun daga nan, in an kai tsakiya,
allura sai ta maƙale tana maimaita kalma guda,
sai Neville ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu,
ta tsallake.

An rufe masaƙa. Yanzu gidajen haya ne masu tsada.
Ban koma gida ba, gida ya riƙa zuwa a ambulan,
daga baya ambulan ma ya daina.
Jikata Ramatu ta nemo mini waƙar a wayarta,
tas, ba ƙura, ba tsage.
Miya ce ba daddawa.
Na gode mata dai.

Jiya na hau bas zuwa Shipley,
gidan tsofaffi, ɗaki mai warin sabulu da kabeji.
Gashin nan duk ya tafi.
Shekara biyu ke nan yana ce mini likita.
Na ajiye garmaho kusa da kofin magani,
na hure faifan, na sa allura.
Idonsa na kan taga, inda ruwa ke sauka a kan motoci.
Asuba ta zo. Hadari ya haɗu.
Bai motsa ba.
Muka kai tsakiya,
allura ta maƙale,
ta maimaita,
ta maimaita,
na miƙa hannu,

sai na ji ƙwas, ƙwas, a kan tebur.

Ta tsallake.
Bai dube ni ba. Ya ce wa taga,
“Rabi nawa ne, ka sani.”
Na ce na sani.
Ban ƙara uffan ba sai da gefen ya ƙare,
sannan na juya faifan.